Mijin Kakata na Cikin Kaset

Na ga abubuwa da dama a rayuwa, wasu na manta da su tun kafin in isa gida, amma wannan kam ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa ba na jin zai iya tafiya da shi. Ina nufin lokacin da wani mutum mai jan akuya a cikin fim ɗin Indiya ya kusa kashe auren kakannina. Mutumin bai san da zamanmu ba, wataƙila ma bai taɓa jin akwai wani gari wai shi Minna ba, fitowarsa a fim ɗin kuwa ba ta wuce tsawon atishawa biyu ba. Duk da haka sai da ya hana gidanmu sakat na makonni.

Wajen ƙarshen shekarun 1980 ne. Ina saurayi, ina da ɗan shagon gyaran rediyo a Tudun Fulani, jikin gidan kakana na wajen uwa, wanda muke kira Baba Tsoho. Tela ne, ɗan ɗaya daga cikin Kanawan da aikin layin dogo ya kawo Minna suka ji daɗin garin suka ƙi komawa. Mutum ne mai tsabta, mai faɗa, mai son a yabe shi amma ya nuna bai ji ba. Matarsa, kakata, Banufiya ce daga Bida, Nnako muke ce mata, wato kaka da Nufanci. Kuli-kuli take yi, kuma har ta koma ga Allah Hausarta ba ta yarda da raba namiji da mace ba, kowa "shi" ne. Ni kuwa "maigida" take kira na, irin wasan kaka da jika. Tsofaffin nan biyu ban taɓa ganin ranar da ba su yi cacar baki ba, a kan gishiri, a kan buta, a kan wanda ya bar ƙofa a buɗe. Mu dai mun ɗauka haka aure yake in ya tsufa.

Mu jikoki mun san sama-sama cewa Baba Tsoho ba shi ne mijinta na fari ba. Tana yarinya ta auri wani ɗan garinsu, aka ɗauke shi soja lokacin yaƙin Hitila, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Boma ta hanyar Indiya, bai dawo ba. Wanda ya kawo labarin mutuwarsa abokin tafiyarsa ne, wani dattijo da duk unguwa ke kira Baba Saje, mai sayar da goro a bakin titi. Ta yi takaba, ta zo Minna wajen 'yan uwa, Baba Tsoho ya gan ta ya aura. Magana ta mutu shekara arba'in da ɗoriya, babu mai tayar da ita.

Sai ni da rawar kaina na sayi bidiyo na hannu, na kafa a shago, samari suna taruwa bayan la'asar ana kallo. Wata rana na sa wani tsohon kaset na Indiya, kwafin kwafi, launinsa duk ya koɗe. Baba Saje ya shigo fakewa ruwan sama, ya zauna a kan benci yana tsaki, wai mutanen nan har yanzu ba su daina waƙa ba. Ana cikin wata waƙa a kasuwa, jarumin yana bin budurwa tsakanin masu tumatir, sai ga wani dattijo baƙi wuluk ya gifta ta bayansu yana jan akuya. Ya juyo ya kalle mu, ya wuce. A kuncinsa akwai wani layi daga gindin hanci zuwa ƙasa, irin tsagar Nufawa.

Baba Saje ya miƙe tsaye, farantin goronsa ya kife. "La'ilaha illallahu! Kai yaro, tsayar da motar nan! Dawo da shi!"

Na tariyo baya, na danna na tsayar. Duk wanda ya san bidiyon wancan zamani ya san in an tsayar da hoto rawa yake yi. To ga dattijo nan da akuyarsa suna karkarwa a cikin talabijin, ga Baba Saje yana karkarwa a waje. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, ya ƙame, ya sara masa, ya kira shi da sunan da ban taɓa ji ba. Sannan ya juyo gare ni da hawaye ya ce, "Mijin kakarka ne."

Na ce, "Baba, mijin kakata yana cikin gida yana ɗinki."

"Na farin nake nufi, shashasha!"

Aka ce masa ba kai ka ce ya mutu ba? Sai ya fara sosa ƙeya. Ashe bai ga gawa ba. Zazzaɓi ne ya kama mutumin a Indiya, aka ɗauke shi a mota zuwa asibitin soja, su kuma aka wuce da su daji. Da suka dawo ya tambaya, wani kuku ya ce masa ai duk waɗanda aka kai ɗakin nan babu wanda ya fito da ƙafarsa. Shi ke nan hujjar, maganar kuku. A kanta aka yi takaba, a kanta aka ɗaura aure, a kanta aka haifi uwata, aka haife ni.

Kafin magariba labari ya gama unguwa, kafin Juma'a ya gama Minna. Shagona ya koma wajen ziyara. Mutane suka riƙa zuwa daga Fadikpe a kan babura, babu mai son jarumi, babu mai son waƙa, kowa mai akuya yake so. In tariyo, in tsayar, a yi salati, a fita, wasu su shigo. Gardama kuwa kamar a ba hammata iska. Wasu suka ce tsaga ce, wasu suka ce tabon wuƙa ne, wani makanike ya ce datti ne a jikin kaset. Wata mata ta taso takanas daga Beji ta ce ƙarya ake yi, kawunta ne, Bagware, shi ma Boma ya tafi, kuma a dubi yadda ya riƙe igiya, duk danginsu haka suke riƙe igiya.

'Yan uwan marigayin, ko in ce wanda ake zaton marigayi ne, suka cika mota daga Bida. Ban taɓa ganin abu irin na ranar ba. Suka cire takalma a ƙofar shago, dattawa da manyan riguna, suka durƙusa gaban talabijin suka shiga gaisuwar Nufawa, doguwar nan da ba ta ƙarewa. Suna gaida shi, suna amsa wa kansu. Wata tsohuwa ta ga yana karkarwa ta fashe da kuka, wai har yanzu zazzaɓin bai sake shi ba. Ƙaninsa kuwa, da ya natsu, ya ja ni gefe ya tambaye ni a hankali ko a ganina akuyar tasa ce ko kiwo aka ba shi.

Aka yanke shawarar a je wajen wani Ba'indiye da ke koyar da lissafi a wata sakandare, aka sa ni tafinta saboda ɗan Turancina. Muka ɗauko bawan Allah da rana tsaka, ya zauna ya kalla cikin ladabi. Baba Saje ya ce in tambaye shi ko ya san mutumin. Ya ce bai san shi ba. Aka ce to wace kasuwa ce wannan? Ya ce wataƙila ma ba kasuwa ba ce, ginawa ake yi don fim a rushe. Ya ƙara da cewa a ƙasarsu akwai baƙaƙen fata 'yan asali, waɗanda kakanninsu suka je daga Afirka tun ɗaruruwan shekaru. Wannan magana gaskiya ce, na tabbatar da ita daga baya, amma a ranar babu wanda ya saya. Yana fita Baba Saje ya ce, "Rufa-rufa ce. Mutum baƙi, da tsaga, da akuya, a garinku, ka ce ba ka san shi ba? Ko a Kaduna ne ai a nuna maka gidansa."

Duk wannan abin dariya ne, kuma na yi dariyata har da riƙe ciki. A cikin gida ne babu dariya.

Tun ranar farko Baba Tsoho ya naɗe tabarmarsa da bargonsa ya koma zaure, kusa da keken ɗinkinsa. Ya daina cin abincin Nnako. In an kawo sai ya ce a mayar, shi ba ya cin girkin matar mutane. Ya daina kiran ta da "ke", ya koma "baiwar Allah". Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne cacar bakin nan ta tsaya cak. Gidan ya yi tsit, har buta ta kwana a tsakar gida babu wanda ya tanka. Aka kira limamin unguwa ya zaunar da shi, ya yi masa bayani dalla-dalla cewa ko da mutumin yana raye, matar ta jira iyakar jira, ta yi idda, aurenta da Baba Tsoho yana nan daram. Baba Tsoho ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Allah gafarta Malam, na gode. Amma ni ba littafi nake tambaya ba." Sannan ya faɗi maganar da ta sa uwata kuka: idan ta kalla ta ce shi ne, zai sauwaƙe mata, don shi ba zai riƙe mace da aron wuri ba.

A lokacin na ɗauka rigimar tsufa ce kawai. Yanzu da furfura ta kama ni na gane abin da ke cin sa. Shekara da shekaru yana zaune da tambayar da bai taɓa yi ba: shin shi aka zaɓa, ko kuwa shi ne wanda aka samu? Mamaci ba ya takara, shi ya sa ya iya haɗiye ta. Yanzu ga mamaci ya fito a talabijin.

Ya ce ba zai taɓa kallon wannan shirme ba. Amma da hantsi, in babu kowa, sai ya leƙo shago ya ce wai almakashinsa yake nema. Ya nema a bayan rediyoyi, ya nema a ƙarƙashin benci, sannan ya ce, "To tunda na shigo, sa mini ɗan banzan nan in gani." Ya tsaya ya harɗe hannu a baya yana dubawa.

"Ya fi ni tsawo, ko?"

Na ce, "Baba, a talabijin kowa bai wuce taƙi ɗaya ba."

"Kai dai ka faɗi gaskiya. Kuma dubi rigarsa, ko aljihu ba a daidaita ba. Wanda ya ɗinka wannan a ba shi garma."

Ranar kasuwa kuma sai ga shi ya shigo gida yana jan wani ƙaton bunsuru mai wari, ya ɗaure a tsakar gida daidai ƙofar ɗakin Nnako, ya koma zaure. Mutumin da ya ce zai sake ta ke nan. Bunsurun ya cinye mata rabin gyaɗar da ta shanya. Muka zuba ido mu ji faɗa ya tashi, mu samu sauƙi, amma ta kwashe sauran ta shige ɗaki.

Ita kuwa Nnako ta ƙi zuwa ta kalla. An roƙe ta, 'yan Bida sun roƙe ta, uwata ta durƙusa mata, ta ce ita ba ta taɓa kallon sinima ba, ba za ta fara da tsufa ba. Wannan ƙin nata shi ya ƙara kashe Baba Tsoho, don a ganinsa tsoron abin da zuciyarta za ta yi take ji. Ya rame, wuyansa ya fito, shayi da burodi kawai yake sha. Ga wata matsalar kuma: kaset ya fara gajiya. Yawan tariya da tsayarwa a wuri ɗaya ya cinye zaren, farare-fararen layuka suka fara ratsa fuskar mutumin. Na gwada kwafa a wani kaset, ya fito baƙin dunƙule, akuyar ma ta fi shi kama da mutum. Na je na same ta na ce, "Nnako, mijinki na Indiya yana gogewa, mijinki na zaure yana ƙarewa. In kika ƙara mako, ni kaɗai zan rage miki."

Ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana murza ƙulli a hannu, sannan ta ce, "Gobe da safe."

Da safe ta fito cikin zanenta na zuwa biki, da mayafi, har da kwalli. Da Baba Tsoho ya ga kwallin sai da ya dafa bango. Shago ya cika, waje ya cika, yara a kan katanga. Aka ba ta kujera a gaba. Shi kuwa ya tsaya a bakin ƙofa ya juya baya, wai iska yake sha. Na sa kaset, ina addu'ar kada a ɗauke wuta. Jarumi ya yi waƙarsa, mai akuya ya gifto, na tsayar.

Ta kalla. Ta daɗe tana kallo, har na fara jin ƙarar zaren yana wahala a cikin inji. Ta ce, "Sake shi ya yi tafiya." Na sake shi, ya juyo, ya wuce. Ta ce a ƙara. Na ƙara. Shagon nan da mutum fiye da hankali, amma kana jin numfashin Baba Saje.

Sai ta gyara mayafi ta ce, "Ba shi ba ne."

Baba Saje ya zaburo. "Haba Nnako, duba da kyau, tsagar nan fa..."

"Kai rufe mini baki. Da ka ce ya mutu, yanzu ka ce ya tashi. Wanne za mu ɗauka? Wanda na aura tsoron akuya yake yi. Akuya ya shigo gida, shi ya hau gado. Wannan kuwa dubi yadda ya ja shi."

Aka kwashe da dariya, 'yan Bida suka kalli juna, ƙanin ya buɗe baki ya rufe. Matar Beji ta ce ai dama ta faɗa. Nnako ta miƙe, ta zo wucewa ta bakin ƙofa, ta dubi Baba Tsoho sama da ƙasa ta ce, "Kai kuma ka zo ka kwance wannan ƙazamin abu daga ƙofana, ko in sa shi a miya." Ya ce ai ba don ita ya saya ba, kuma wa ya ce ta shanya gyaɗa a hanya. Suka shige gida suna yi. Wallahi ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Da azahar ya cinye tuwo malmala biyu yana cewa gishiri ya yi yawa.

Bayan kwana biyu na same ta ita kaɗai tana suyar kuli-kuli. Na zauna ina tsokanarta, na ce ashe sojan da aka tura yaƙi da Japan akuya ke kora shi kan gado. Ta ce, "Ƙarya na yi. Gidansu ma kiwo ake yi."

Na ce, "To shi ne ke nan?"

"Ban sani ba, maigida."

Ta ci gaba da juya mai, ba ta kalle ni ba. Ta ce watanni kaɗan suka yi, kuma a zamaninsu amarya ba ta ɗaga ido ta kalli miji, da rana yana gona, in ya shigo ita kanta a ƙasa. Babu hoto. Ta ce abin da ya hana ta zuwa kallo ba tsoron ta gane shi ba ne, kunya ce, kada a taru a ga matar da ta yi wa mutum takaba ba ta san fuskarsa ba. "Na yi shekaru ina rufe ido in nemo shi, in yi masa addu'a. Duk sanda na rufe, fuskan wannan mafaɗacin tsoho ne yake zuwa. Tun ina kora shi har na bari."

Na matso kusa da ita. Na ce, "To me ya sa ba ki gaya masa haka ba? Ai da ba a sayi bunsuru ba."

"In gaya masa kansa ya kumbura? Wa zai iya zama da shi?"

Ba ta ce in faɗa ba, ba ta kuma ce kada in faɗa ba, ni kuwa na san halin kakata, in tana son a ɓoye magana ba ni take gaya wa ba. Na wuce zaure na same shi yana yanka yadi, na zayyana masa yadda ta faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Bai ɗago ba. Ya ce in tashi in ba shi wuri, na cika surutu kamar rediyoyin da nake ɓatawa. Na tashi. Har na kai ƙofa sai na ji ya kira ni da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Kai. Da ta ce fuskata... ta yanzu take nufi, ko ta da?"

Har yau ban san ko wane ne mai akuyar nan ba. Ko sojanmu ne da ya warke ya ga Indiya ta yi masa, ko ɗan ƙasa ne da aka ce ya gifta ya gifta, Allah kaɗai ya sani, kuma na daina damuwa. Abin da na koya shi ne, mun tara gari guda muna ƙure wa baƙo ido don mu warware sirrin da ke can ƙetaren teku, alhali babban abin da ba a sani ba yana cikin gidanmu, tsakanin mutum biyu da suka tsufa a kan tabarma ɗaya, ɗaya yana tsoron tambaya, ɗaya tana jin nauyin faɗa. Tun daga lokacin, in ina ƙaunar mutum ba na barin sa ya yi ta canka, gaya masa nake yi da bakina tun yana iya ji.